Kwalin da Na Karanta wa Alhaji Nomau

Kun sha jin gwaggonninku suna cewa wasa ne ya raba ni da kasuwancin gidanmu, kuma na lura kuna jin nauyin ku tambaye ni. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun gajarta labarin har ya koma kamar na wani malalaci da aka kama yana caca a bayan shago. Ban taɓa yin caca ba, kuma duk wanda ya ga hannuwana ya san ban yi zaman banza ba. Zan faɗa muku yadda abin ya kasance, abin da kuka ga dama ku yi da shi.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi, kuma kakanku mutumin da ne a wajen kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. In ya ga dole sai ya yi mini magana, sai ya dubi bango ya ce “wanga yaro”, amma yawanci saƙo ta bakin Inna yake zuwa, ko ta bakin ƙanena Sani. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taso muka gani, ni ma ban taɓa zama kusa da shi na tambaye shi wani abu ba. Yana da manyan motoci da ke kai wake da albasa Kano, su juyo da atamfa da kayan masarufi. Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, Inna ta kawo mini saƙon da na daɗe ina jira: bayan babbar Salla zan fara bin motoci, in koyi hanya da mutanenta, domin wata rana in riƙe ta. Ba dukiyar ce ta dame ni ba. Hanyar nake so, ni da ban taɓa wuce garin Ɗan Isa na bakin iyaka ba, kuma ba na jin na taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan tafiya.

Shekarar kuwa ta zo da rikici. An buɗe ƙofar jam’iyyu, ma’aikata suna yajin aiki, malamai ba albashi, lakkol, wato makarantun boko, a rufe wata da watanni. Mu samari sai muka koma zaman fada a gindin wani dogon yaro kusa da gidanmu, muna dafa shayi muna gardamar abin da ba mu iya ba. Ni dama tun ina ƙarami ba ni da aiki sai karatun labarai. Direbobin Baba kan kawo mini ƙananan littattafan Hausa daga kasuwar Kano, ina kuma aron na Faransanci masu zane a wajen wani malamin lakkol. In littafi ya ƙare mini ban sami wani ba, sai in tsare direbobin da tambaya har su kore ni: ina ake kwana, ina ake cin tuwo mai kyau, wane kwari ne ke cin taya, me ake faɗa wa mai shinge. A wajen wasa kuma babu wanda ban taɓa ba, daga dara zuwa ludo zuwa karta, amma duk sun gundure ni, domin babu labari a cikinsu. Sai na zauna na ƙirƙiri nawa.

Na sami falankin katako a garejin Baba, na zana hanyar Maraɗi zuwa Kano a kansa, gida-gida kamar na ludo, da garuruwa da gadoji da shingaye, duk daga abin da na tsinta a bakin direbobi. Na sassaƙa motoci huɗu da ɓargon kara, na shafa musu ragowar fentin mai gyaran bodi: ja, shuɗi, kore da ruwan ɗorawa. Ana jefa ɗan ludo a yi gaba. A wasu wurare hanya takan rabu biyu, mutum ya zaɓa, ko kwalta mai nisa ko ta daji mai gajarta da haɗari. Wanda motarsa ta tsaya a baƙin gida sai ya zari kwali. Kwalayen nan daga kwalin sukari na yanka su, kowanne na rubuta masa ɗan labari da hukuncinsa: taya ta fashe, ka jira zagaye ɗaya, ka ɗauki tsohuwa kyauta ta sa maka albarka, ka ƙara gida uku. Ni ne mai karantawa, kuma ba na karanta abin da ke rubuce kaɗai. Nakan ƙara gishiri, in yi muryar tsohuwar, in yi ta yaron mota, in sa wa ramin suna, har mutane su riƙe ciki. Hukuncin kwali dai ban taɓa canza shi ba, duk fada ta san haka, shi ya sa ko wanda ya sha kaye ba ya rigima. Kafin a jima sai da ’yan kabu-kabu suka riƙa ajiye baburansu bayan la’asar suna kallo, wasu ma daga wasu unguwanni suke zuwa.

Da zaɓe ya matso sai kowane launi ya sami mai shi. Motocin da na fenta da abin da na samu a gwangwani suka zama na jam’iyyu, mutum ba ya ɗaukar ja ko kore sai ya duba wa ke kallonsa. Abin ya ba ni haushi, amma ya ƙara wa wasan kasuwa. A lokacin ’yan takara sun gano fada, suna bi ɗaya bayan ɗaya da kwalin shayi da sukari, su zauna kaɗan su nuna su ma na mutane ne. Cikin masu neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, har da Alhaji Nomau, mutumin Tsibiri, aminin Baba tun suna fatauci a kan raƙumi. Kullum da safe yakan biyo shagon Baba su sha fura, kuma kayansa a motocinmu suke tafiya. Wata rana da hantsi Inna ta kira ni madafa.

“Gobe Alhaji Nomau za shi zo hwadarku, ya ji labarin wasan nan naka. Babanku ma za shi rako shi.”

Na ce to.

“Ka dai san yadda ake wasa da manya,” in ji ta.

“Inna, ai ɗan ludo bai san babba ba.”

“Shi bai sani ba. Kai ka sani.”

Ban tambaye ta ko maganarta ce ko ta Baba ba. Tun da na yi wayo duk abin da ya fito daga bakinta a irin wannan murya nasa ne, don haka na ɗauka shi ya aiko. Al’adar kuma kowa ya san ta. Yaro ba ya cin sa’an ubansa a dara a gaban jama’a. Yakan yi kamar bai ga gidan da zai ci ba, dattijo ya ci, a yi dariya, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Washegari bayan la’asar suka zo, da maroƙi da kujerun roba da jama’a fiye da yadda inuwar dogon yaro za ta ɗauka. Baba ya zauna can gefe da carbinsa, bai dubi inda nake ba. Alhaji Nomau kuwa ya tattare babbar rigarsa ya sauko kan tabarma, ya ɗauki shuɗiyar mota, launin jam’iyyarsa. In faɗi gaskiya mutum ne mai daɗin zama, kuma wasan ya kama shi da gaske. Yana jefa ɗan ludo yana yi masa kirari, yana gyara wa yara sunayen garuruwa. Abokaina uku da suka zauna da shi sun yi abin da ya kamata: duk inda hanya ta rabu sai su bi doguwa, Isufu tela ma har da ƙirga gidajensa a gurguje yana rage ɗaya. Shi ko Alhaji duk mararraba sai ya faɗa ta daji, yana cewa a zamaninsu ba su san kwalta ba. Hanyar daji ta fi yawan baƙaƙen gidaje, amma ya yi ta tsallake su, maroƙi yana ta aikinsa. Sai da ya kai Bici, saura jifa ɗaya ya shiga Kano, sannan motarsa ta sauka a baƙin gida. Ya zari kwali da kansa ya miƙo mini, domin shi da Baba ajami suke karantawa, rubutuna kuma na boko ne, ƙanana.

A cikin kwalayen nan duka akwai guda ɗaya da ya fi kowanne mugunta, kuma ɗaya tak na yi irinsa. Shi ne a hannuna. Babu wanda ke ganin fuskarsa sai ni. Da na ce ya ɗauki tsohuwa ta sa masa albarka, da an yi guɗa an tashi. Ba zan ce muku tsoron Allah ne ya fara zo mini ba, ko da yake ina fata yana ciki. Abin da na ji shi ne kishi irin na mai sana’a. Wannan kwali ya mai da Isufu gida, ya mai da masu kabu-kabu, ni kaina ya mai da ni, kowa ya koma bai yi musu ba. In na canza shi yau, duk waɗannan na cuce su, kuma abin da na sassaƙa ya daina zama wasa. Ban yi murya ba, ban ƙara gishiri ba, na karanta shi yadda yake.

“Ka mance takardun mota a gida. Koma Maraɗi ka ɗauko.”

Sai wani daga bayan taro, ban taɓa sanin ko wane ne ba, ya ɗaga murya:

“Alhaji, koma gida ka ɗauko takardu!”

Dariya ta ɓarke, irin wadda ba a iya mayar da ita. Alhaji Nomau ma ya yi dariya, ya ɗauki motarsa da yatsu biyu ya mai da ita gidan farko da kansa, ya miƙe yana karkaɗe riga.

“Wasa ya yi daɗi, ɗana,” ya ce. “Allah shi yi albarka.”

Baba ya riga shi kai wa mota. Ni kuma na tattara kwalayena na zuba a gwangwani.

Da abin ya tsaya nan, da ba komai. Amma lokacin siyasa ne, magana ba ta kwana inda aka faɗe ta. Kafin mako ya zagayo samarin wasu jam’iyyu sun mai da ita waƙa. Duk inda Alhaji Nomau ya tsaya zai yi jawabi, a Maraɗi ko a Tsibiri garinsu, sai an sami masu rera masa koma gida ka ɗauko takardu. Mutumin da bai yi lakkol ba, yana neman kujerar da ake magana da Faransanci, kun san inda wannan waƙa take sukarsa. Bai ci zaɓen ba. Ba na jin kwalina ne ya kayar da shi, amma ba ni aka tambaya ba. Ya daina biyowa shan fura, daga baya kayansa suka koma wasu motoci. Shi da Baba ba su yi faɗa ba, suna gaisawa a masallaci da wajen jana’iza har ya rasu, sai dai zaman nan na safe bai sake dawowa ba.

A gida babu wanda ya ce mini uffan. Babbar Salla ta zo ta wuce. Wata safiya na fito na tarar da Sani a gaban mota, da jakarsa a cinya, yana ƙin haɗa ido da ni. Bayan motar ta tashi Inna ta same ni a zaure.

“Ya ce ka tahi Jiratawa ka kama garka. Mai kula da ita ya tsuhwa.”

“Har yaushe, Inna?”

“Bai hwaɗi ba.”

Ta gyara mayafinta ta koma ciki. Garkar nan, lambun gidanmu, kun san ta, a cikinta kuka yi rarrafe. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne kusancinta da titi. Duk motar da za ta Kano sai ta wuce ta gabanta. Ina tsugune cikin zogale da tattasai ina jin ƙarar motocinmu tun daga nesa, ina bambance su da kunne. Sani, don kirki, yakan danna oda in ya zo daidai wurin. Sai da na aika masa ya bari, domin wannan odar ta fi komai ci mini rai.

Na ji haushin kakanku ƙwarai, kuma na daɗe ina ji. A ganina ya so in yi ƙarya don in faranta wa amininsa, na ƙi, shi ne ya hukunta ni. Wannan tunani ya zame mini abin taƙama da abin ɗaci a lokaci guda. Na ƙudura a raina ba zan taka hanyar Kano ba sai in shi ya aike ni, kuma taurin kaina ya kai ni inda ya kai ni: abokaina suna zuwa sayen kayan aure, suna zuwa kallon ƙwallo, ni ban je ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Aka karya darajar kuɗin sefa, sojoji suka karɓi mulki suka mayar, suka sake karɓa, ni ina ban ruwa. Na iya garka har na fi wanda na gada, na auri mahaifiyarku, na ci gaba da karatun littattafaina a bukka da tsakar rana. Falankin ma na taho da shi, masu garka suka koyi wasan, na ƙara masa kwalaye. Duk Juma’a nakan shiga Maraɗi in gai da Baba, in durƙusa, ya dubi bango ya tambayi lafiyar iyali, in ajiye zogale in tashi.

Ina da furfura a gemu lokacin da ciwon ƙugu ya kayar da Baba. Likitocin nan suka ce a gwada wani a Kano. Sani yana Kwatano wajen kaya, sauran ƙannena mata ne, Inna kuma ta riga ta rasu, babu sauran mai kai saƙo. Da na je gaisuwa sai ya yi wa bango magana.

“Wanga yaro shi shirya, jibi za mu Kano.”

Muka ɗauki shatar ƙaramar mota, aka kwantar masa da kujerar gaba, ni ina baya. Mun wuce Ɗan Isa, mun wuce Jibiya, ina kallon taga kamar ɗan ƙauye, kuma ba abin da ya yi kama da abin da na zana. Bayan Katsina ya fara magana, kansa na kallon titi.

“Nan ka sa gada. Babu gada nan, ba a taɓa yi ba.”

Na ɗauka da direba yake. Can gaba ya sake cewa:

“Kankiya kuma ka sa ta bayan Yashe. Ita ta ka zuwa hwarko. Wane direba ya hwaɗa maka haka?”

Sai na gane falankina yake nufi. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, daga kan kujerar roba, yana jan carbi. Haka ya yi ta gyara mini hanya gari bayan gari, inda na sa kwari babu kwari, inda ake cin tuwo mai kyau ban sa komai ba. Ina ta cewa to, Baba. A rayuwata ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba. Da muka iso Bici direba ya tsaya shan mai, ya fita ya bar mu mu biyu. Sai Baba ya ɗan juyo da kai.

“Kwalin nan da ka karanta ma Nomau,” ya ce. “Mi ad da gaske rubuce cikinai?”

“Abin da na karanta, Baba.”

“Koma Maraɗi?”

“Haka yake a rubuce. Yana nan Jiratawa cikin gwangwani har yau.”

Ina ganin gefen fuskarsa, bakinsa yana motsi kaɗan.

“An ce mini kai ka ƙara ma kwalayen nan abin da ka ga dama. Na ɗauka kai ka shirya mishi ita, don abokanka su yi dariya.”

“Labari nake ƙarawa, Baba. Hukunci ban taɓa taɓa shi ba. Ni kuma na ɗauka don na ƙi canza shi ne kuka yi fushi. Inna ta ce in san yadda ake wasa da manya.”

“Wagga maganar uwarka ce. Ni ban aiko ta ba. Ni zan ce ka canza abin da ke rubuce? Da mi zan ba ka amanar kayan mutane?”

Direba ya dawo yana goge hannu, ya tayar da mota. Na ji kuka ya taso mini, ni da ’ya’ya biyar, na danne shi da ƙyar. Ba haushinsa na ji ba a lokacin, kuma ba nawa ba. Tausayinmu na ji mu duka biyu, mutum da ɗansa, kowane mako suna haɗuwa a ɗaki guda, tambaya ɗaya ta gagare su. Mun ɗan yi tafiya, gidajen bakin Kano sun fara bayyana, sai ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna wani fili da manyan motoci suka yi layi.

“Can muke sauke wake,” ya ce. “Da nan za ka hwara.”